Fijon Kawu: A Yanka Ko A Bari?

A bayan gidan kawuna a Birnin Gwari akwai wata rumfar kwano da ba mai zama a ƙarƙashinta ko rana ta take. Rumfar mota ce. A ciki akwai Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, fara sol, haɗin Kaduna, da Kawu ya saya sabuwa dal a 1982 lokacin yana malamin gona. Yau shekara arba'in da ɗoriya, amma fentinta na kamfani ne, kujerunta ba su taɓa ganin allurar maɗinki ba, jak ɗin da ta zo da shi yana nan a but, a naɗe cikin tsohon buhu. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya yaye tamfol, ya tayar da ita, ya bar injin ya yi ɗumi, ya kashe, ya rufe. Muna yara, in ƙwallonmu ta faɗa rumfar nan sai dai mu haƙura da ita har Kawu ya fita.

Allah ya yi wa Kawu rasuwa bara. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Gida da gonaki ba su ba da wahala ba, malamin da aka kira ya yi lissafinsa, kowa ya san nasa. Motar ce ta tsaya wa mutane a wuya, domin mota ba ta rabuwa gida takwas.

Autan Kawu, wanda ke koyon kanikanci a Kaduna, shi ya fara magana. Yana so a saka motar a rabonsa. Zai cire injinta mai silinda huɗu ya dasa na Toyota mai shida, ɗan Baljiyam, ya rage mata tsayi, ya sa faffaɗan taya, ya yanke salansa, ya fesa mata baƙin fenti. Ya nuna mana bidiyo a wayarsa na samarin da ke wasan mota ranar ɗaurin aure, suna juyi taya na hayaƙi. Ya ce duk da BMW da Marsandi suke yi, ba wanda ya taɓa shiga fili da Fijo mai irin wannan inji, ranar da ya shiga kuwa sai an yi labarinsa.

Babban ɗan Kawu, wanda duk muke kira Yaya, bai ko ɗaga kai ya kalli wayar ba. Shi manomi ne mai 'ya'ya bakwai. Ya ce tunda hanya ta buɗe, abin da ya fi shi ne a kai ta wurin mai walda a yanke bayanta daga kujerar direba, a yi mata akwati, ta zama akori-kura, ta riƙa ɗauko masara daga Kuyello da Dogon Dawa zuwa kasuwa.

Ni kuwa ɗan ƙanwar Kawu ne. Ko sisi ba ni da shi a gadon. Amma ni ne na ji kamar an ce za a yanka mini hannu, har na yi magana a inda ba a tambaye ni ba. Auta taubashina ne, don haka bai ji nauyina ba, ya yi dariya ya ce, “Yaya, kai da ko keke Kawu bai bar maka ba, me ya yi maka zafi?” Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai dai tambayar ta bi ni har gida. Me ya yi mini zafi? Kuma zafin da nake ji, hujja ce ko kuwa kewar yarinta ce kawai?

Abu na farko da ya zama dole in amince da shi shi ne motar tasu ce. Halaliyarsu ce, ba sata ba, ba amana ba. In wanda ta faɗo a rabonsa ya ga dama ya mayar da ita akurkin kaji, babu alƙalin da zai tuhume shi. Amma mun sani tun a gida cewa abin da aka ba ka dama daban, abin da ya kamace ka daban. Mai saniyar tatsa yana da ikon ya yanka ta don ya ci nama ranar Laraba, ba wanda zai kai shi kotu, amma duk unguwa za ta yi ta kallonsa. Saboda haka “tawa ce” ta rufe bakin alƙali, ba ta rufe tambayar ba.

Abu na biyu ya fi wuyar haɗiyewa. Sauya wa mota kama ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sana'armu ce, kuma mun iya. Duk wanda ya girma a bakin hanyar da ta taso daga Kaduna ta ratsa Birnin Gwari ta nufi Tegina ya san roka, wato Marsandi 911, ya san tsofaffin Bedford. Kai da ƙashin baya kawai suke zuwa da su. Kafintocinmu ne ke gina bodin katako, masu fenti su zana zaki da dawisu da jirgin sama, su rubuta wa mai mota abin da ke ransa a goshinta. Je ka Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ga yadda ake aurar da injin wannan kamfani da giyar wancan, su zauna lafiya shekara goma. In na ce taɓa mota laifi ne, na zagi mutanen da suka riƙe sufurin ƙasar nan da guduma da wutar walda lokacin da kayan gyara suka gagara. Haka mutanen Kuba suka yi da motocin Amurka na shekarun 1950 bayan an sa musu takunkumi: suka dasa musu injinan dizal, kuma har yau suna ɗaukar fasinja a Habana. Ba wanda ya isa ya ce sun yi ɓarna.

Abin da Auta ke son yi ma yana da asali. A Amurka suna kiransa hot rod. Ya samo tushe a Kalifoniya a shekarun 1930, ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da samari suka dawo daga soja da ilimin inji a hannu da ɗan kuɗi a aljihu. Sai su sayi tsohuwar Ford, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su dasa babban inji, su tafi busassun tafkuna a hamada su yi tsere. Har mujalla aka buɗe musu a 1948. Ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, irin su Auta ne, masu baƙin mai a farce.

Amma akwai abin da bidiyon wayar ba ya faɗa. Waɗannan samari sun yi ta yanka ne a lokacin da tsofaffin Ford suka fi ƙarfin masu saye. Kamfanin ya ƙera samfurin Model T fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, ko'ina ka duba ga su a bola. Wanda ya yanka ɗaya bai rage wa duniya komai ba. Da aka yi shekaru ana yi, musamman ga Ford ta 1932 da suka fi ƙauna, sai aka wayi gari wadda ba a taɓa ba ta zama abin nema da fitila, har wasu kamfanoni suka shiga ƙera sabon bodi irin na da don masu son yanka su samu abin yankawa. Aikin bai canza ba, guduma ɗaya ce, wuta ɗaya ce. Yawan abin da ya rage ne ya canza, shi ya sa hukuncin ya canza.

To Fijo fa? A Faransa aka fara fito da 504 a 1968. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Turai ta daina yin salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba har wajen 2006. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo motar manyan ma'aikata. Ita ce motar ofis, ita ce tasi, ita ce ta 'yan sanda, doguwarta kuma ita ce ke jigilar Kaduna zuwa Legas da fasinja har layi uku. A wancan zamani ana haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, manyan Marsandi a Inugu. Yaron da aka haifa bayan 2000, wanda bai san mota ba sai 'yar Kwatano, in ka gaya masa haka sai ya ɗauka tatsuniya ce. Fijo ta yi yawan da ba wanda ya yi tunanin adana ta. Muka yi ta lodinta har ta durƙusa, 'yan gwangwan suka auna ta a sikeli. Yanzu ka tsaya a bakin titi awa guda ka ƙirga guda nawa za su wuce, a cikinsu kuma guda nawa ne ba a taɓa buɗe injinsu ba.

Da na faɗa wa Auta haka, bai rasa amsa ba, kuma amsarsa ta fi tawa kaifi. Ya ce, “Yaya, motar Murtala da ke gidan tarihi a Legas an ajiye ta ne saboda ramukan harsashi. Ta Baba wane tarihi ta yi? Gona ta je, asibiti ta je. Kuma motar da ba ta tafiya gawa ce. Ni so nake in tashe ta.”

Gaskiya ne, baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana da dalilin zama a Onikan da kowa ke gani. Amma ina ganin a nan ne muke kuskure game da tarihi. Kayan sarakuna da na shugabanni ba sa ɓata, akwai masu gadinsu. Abin da ke ɓacewa ƙurmus shi ne kayan talaka da na matsakaicin ma'aikaci, don kowa na cewa ai irinsa na da yawa. Motar da ta je gona ta je asibiti ita ce shaidar yadda malamin gona ya rayu a 1982, cewa albashinsa da ɗan abin da ya noma sun iya saya masa sabuwar mota da aka ɗaura a jiharsa. Wannan labari ba ƙarami ba ne ga yaron da yau yake da digiri amma babur ya gagare shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai in zan yi adalci, maganarsa ta gawa ta taɓa ni a wani wuri da shi ma bai nufa ba. Lafiyar motar nan da nake ta yabo, ba kulawar Kawu kaɗai ta haife ta ba. Tsoro ma ya taimaka. Tun harin masallacin Dogon Dawa a 2012 abubuwa suka yi ta lalacewa, har hanyar Kaduna, tafiyar kilomita ɗari da ashirin ko sama da haka kaɗan, ta zama sai an yi alwala an yi sallama da iyali. Tsakanin Buruku da Udawa kowa addu'a yake. Kawu ya daina fitar da ita daga gari, daga baya ya daina fitar da ita daga gida. Shekarun da ta yi a rumfa ba ta tsufa, su ne shekarun da Yaya ya bar gonarsa ta cikin daji ta koma saura, ya sayar da shanun huɗa ya ciyar da yara. Lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo a ƙarshen Nuwamba 2024 aka yi zaman sulhu aka sake buɗe kasuwar kara, motar ta fito daga wannan zamani tana sheƙi, mutanen gidan suka fito da bashi. Da wace fuska zan ce wa Yaya ya bar ƙarfe ya huta don ni in riƙa zuwa ina shafa shi ranar sallah?

Nan ne lissafina ya rikice. Da farko na ɗauka abin a fili yake: Yaya buƙata, Auta nishaɗi, buƙata kuwa ta fi nishaɗi. Amma in ka duba ɓarnar da kowanne zai yi, sai abin ya juye. Aikin Auta, rabinsa mai dawowa ne. Inji ana cire shi a ajiye, a zuba masa mai a rufe, taya ana mayar da na da. Fenti na asali ne kawai in ya tafi ya tafi, sai kuma inda zai huda ya yi walda don sabon injin ya zauna. Aikin Yaya kuwa ba ya dawowa ko kaɗan. Salun ɗin 504 ba ta da ƙashin baya daban kamar roka, jikinta ne ke riƙe da kansa, rufin da ginshiƙan ƙofofi suna cikin abin da ke ɗauke da nauyi. Ranar da wuta ta ratsa rufin nan, an gama. Wato mai hujja mafi ƙarfi shi ne zai yi ɓarna mafi girma, mai hujja mafi rauni kuma ɓarnarsa da sauƙi. Duk wanda ya ce maka wannan tambaya tana da amsa ɗaya tilo, bai zauna a tabarmar rabon gado ba.

Kuma ban yarda a raina Auta a ce wasa kawai yake ba. Na ga yadda yake kwance kabureta ya wanke ya mayar ido rufe. Sha'awar da ke sa yaro ya kwana yana tunanin yadda injin wani kamfani zai shiga cikin wata mota, ita ce dai sha'awar da ke haifar da maƙera. Ƙasar da ta rufe masana'antunta ba ta da bakin da za ta tsawata wa yaron da ke son ƙera wani abu. Abin da nake ja da shi ɗaya ne: me ya sa sai wannan? Kwarangwal ɗin Fijo suna nan a bayan garejoji, kaji na ƙwai a ciki. Wanda ya ɗauki kwarangwal ya tashe shi ya ƙara wa duniya mota ɗaya. Wanda ya ɗauki lafiyayya ya yanka ya canza wata da wata ne, kuma wadda ya kashe ba a sake yin irinta. Da na matsa masa, sai ya faɗi gaskiya: kwarangwal aiki ne na shekara biyu, ta Baba kuwa wata biyu ta ishe shi. Ashe ba Fijon Kawu yake buƙata ba, gajeriyar hanya yake so, shekara arba'in na shafa da gogewar mahaifinsa su zame masa jari.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana wannan lissafi ba, don muna ganinsa a daji. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, amma a kewayensa kowa ya san abin da buhun gawayi ke yi wa kirya da kaɗanya. Itacen da ya yi shekara sittin yana tsaye, yini ɗaya ya ishi a kayar da shi, mako guda ya zama buhuna a bakin titi. Mai saran ba mugu ba ne, yara ne ke kuka a gida. Kowane mai gatari itace ɗaya ya sara, kuma kowannensu yana da hujja. Sai an ɗaga kai ne a ga fili. Na kuma san, ko Yaya bai faɗa ba, cewa in kakar masara ta wuce, gawayi akori-kurar za ta koma ɗauka.

Duk wannan na tsara shi a kaina, na koma gidan da niyyar in yi musu huɗuba. Inna, matar Kawu, ita ta katse ni. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ba ta ko dube ni ba ta ce, “Ɗan nan, duk haihuwar da na yi a asibiti a motar nan aka kai ni. Ba ka fi ni son ta ba. Amma so ba ya biyan kuɗin makaranta. In kana son ta zauna yadda take, ka saya.”

Ban taɓa jin an rushe mini gini da jimla huɗu irin wannan ba. Domin abin da nake nema, in an cire masa ado, shi ne marayu da gwauruwa su ɗauki nauyin adana abin da ni zan ji daɗin kallo. Masu cewa a adana kayan tarihi sau da yawa haka muke: muna da baki, wani ke da asara. Turawan da ke hana a taɓa tsofaffin motoci suna da ƙungiyoyi da gidajen ajiya da masu saye da tsada, wanda ya adana ba ya faɗuwa. Mu a nan wanda ya adana shi ke biya, sauran mu yi tafi. In har gaskiya ne motar nan tana da wata daraja da ta wuce ta mai ita, wato ta jama'a ce ta wata fuska, to jama'ar ce ya kamata ta sa hannu a aljihu. A wannan zama kuwa jama'ar ni ne.

Da aka natsu sai ga shi buƙatar Yaya ma ba ta rataya a wuyan wannan mota ba. Makanikin da aka kira ya yi mata kuɗi ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa salun da aka yanke ba za ta yi damina uku a hanyar Dogon Dawa da buhu goma sha biyar a baya ba, za ta tsage a tsakiya. Akori-kura ta asali an yi mata bayan da ya dace da kaya tun daga kamfani. Abin da Yaya ke so abin ɗaukar masara ne, kuma kuɗin lafiyayyar Fijo, in an haɗa da ɗan abin da ya samu a gadon, za su kai shi kusa da tsohuwar akori-kura mai aiki. Ya ce shi bai ƙi ba, amma ba zai jira ni har abada ba. Ya ba ni zuwa kaka. In masara ta bushe ban cika ba, zai sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi, ko mai walda ne.

Auta ya yi fushi na mako biyu. Daga baya wani abokin aikinsa ya nuna masa wata 504 da ta yi shekaru a kan duwatsu, babu inji, babu gilashi, ƙasan duk tsatsa. Ya saye ta da kuɗin da bai kai na wayarsa ba. Ya turo mini hotonta da saƙo: “Yaya, ga gawar da ka ce in tasa. In na gama za mu yi tsere da taka, in ka iya biya.”

Na biya kashi ɗaya cikin uku. Na sayar da babur ɗina, wata 'yar Kawu da ke aure a Zariya ta ce ta bar mini nata kason sai na samu. Matata ta tambaye ni inda za mu ajiye mota alhali gidan haya muke, da kuma abin da za mu zuba mata a wannan tsadar fetur, ban ba ta amsar kirki ba. Motar dai tana rumfarta. Duk Juma'ar da Auta ya zo gida shi ke yaye tamfol ya tayar da ita, don ya fi kowa sanin yadda ake lallashin kaburetar in ta kwana biyu. Makon jiya ya kira ni ya kara wayar a jikin injin don in ji, sannan ya ce famfon ruwa ya fara ɗiga, kuma masarar Yaya ta fara fitar da gemu.